A Sakar Wa Talaka Mara



Akwai wata kalma wadda ba a tashi taron ƙungiyarmu ba a maimaita ta sau ɗari ba, watau "gwamnati". Gwamnati ta dawo da tallafin mai. Gwamnati ta ƙayyade farashin masara. Gwamnati ta rufe iyaka kada abincinmu ya fita. Gwamnati ta kori baƙin haure. Mai magana ya yi ta zuba, mu kuwa mu yi ta tafi har tafukanmu su yi ja. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, wanda ya buɗe jawabinsa da kiran mutanen gwamnati ɓarayi azzalumai, shi ne kuma zai rufe shi da neman a danƙa wa waɗannan mutane mabuɗin rumbu da na kasuwa da na gidan mai. In kura ce, don me za a ba ta ajiyar nama? In kuwa ba kura ba ce, zagin na mene ne?

Ni ɗan ƙasar Ƙaraye ne, dangin mahaifiyata kuma mutanen Rogo ne, saboda haka da idon manomin masara da rake nake duban wannan al'amari. Ra'ayina, wanda na san ba zai sami tafi a zauren taro ba, shi ne akwai ayyuka 'yan kaɗan waɗanda ba mai iya ɗaukarsu sai hukuma: tsare rai da dukiya, da yin shari'a tsakanin mai ƙarfi da maras ƙarfi, da shimfiɗa hanya, da tsayar da makaranta da asibiti domin ɗan wanda ba shi da shi. Waɗannan ta riƙe su da hannu biyu. Abin da ya saura kuwa, na wa mutum zai sayar wa hatsinsa, da nawa zai sayar, da ina zai tafi ci-rani, da inda zai samo wutar da zai kunna, ta sakar wa mutane mara. A Turai da Amurka masu irin wannan ra'ayi suna da manyan littattafai, har cikinsu akwai masu zafin kai da ke cewa a rushe hukuma ɗungum, kowa tasa ta fisshe shi. Ni ban bi su can ba. Wanda ya ji labarin ƙauyukan Zamfara inda ɗan bindiga ke yanka wa manoma kuɗin shiga gona, ya san abin da ake nufi da garin da ba hukuma. Ƙorafina shi ne tamu hukumar ta saki aikin da yake nata, ta tsoma hannu cikin wanda ba nata ba, ta ɓata duka biyun.

Na san sunan da za a laƙaba mini: ɗan koren 'yan jari-hujja, karen farautar Bankin Duniya. To, kafin a yi haka, mu ɗan koma tarihin ƙasar Kano, wanda ba Bankin Duniya ya rubuta shi ba. Sa'ad da jirgin ƙasa ya fara jigila zuwa Kano a 1912, abin da Turawa suka ƙwallafa rai a kai shi ne auduga, domin masaƙun Ingila. Sun raba iri, sun yi lissafinsu a takarda. Manomin Kano ya yi nasa lissafin a ka: gyaɗa ta fi kuɗi, in kuma shekara ta yi tsanani ana iya cin ta, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Fataken da suka goge a cinikin goron Gwanja, irin su Alhasan Ɗantata, suka rungumi harkar, gyaɗa ta cika tashar Kano har aka rasa wurin ajiya. Ba Razdan ko Di'o da ya tsara wannan.

Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta kuwa, a tambayi tsofaffinmu nawa suka samu a ciki. A 1949 aka kafa hukumomin cinikin gyaɗa da auduga, waɗanda a 1954 suka koma ƙarƙashin hukuma guda ta Jihar Arewa. Ita kaɗai ke da ikon sayen amfanin da za a fitar waje, ita ke yanka farashi. Hujjarta mai daɗin ji ce, wai a kare manomi daga hawa da saukar kasuwar duniya. Abin da ya auku shi ne, shekara da shekaru manomi yana kai kayansa fuloti ya karɓi abin da bai kai farashin duniya ba, rarar kuwa ta tafi birni. An yi abin kirki da wani sashe nata, ban musa ba. Amma haraji ne wanda ba a kira shi da sunansa ba, aka ɗora wa mafi talaucin mutanen ƙasa. Da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka zo, manomin da aka riga aka tatse suka tarar. Sai a 1986 aka rushe hukumomin, bayan gyaɗa ta riga ta yi mana sallama.

Masu kiran sunan Malam Aminu Kano a kowane jawabi su tuna da abin da NEPU ta tashi yaƙa a 1950. Talakan da ya shiga NEPU a ƙauye, ya sha ɗauri da bulala, me yake nema? A ɗauke masa aikin tilas, a daina kama shi don ya yi magana, ɗan doka da dogari su bar ƙofar gidansa. Na san da yawa cikin almajiran Malam ra'ayin gurguzu gare su, ba irin nawa ba. Amma abin da ya sa har yau tsofaffi ke sa wa Abubakar Rimi albarka shi ne abin da ya hana hukuma karɓa a 1979, watau haraji da jangali. Tun kafin su ma, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa jangali da ire-iren kuɗaɗen da sarakuna ke ƙaƙaba wa mutane cikin halayen mulkin zalunci. Ibn Haldun kuma ya ware babi guda a Muƙaddima don nuna cewa in sarki ya shiga kasuwanci, talakawa sun cutu, baitulmali ma ya rame. Ashe wannan ra'ayi ba daga jirgin sama aka sauke mana shi ba.

Babu inda hannun hukuma ya fi yi mana nauyi kamar a kan iyaka. Rogo da Katsina da Kaduna take maƙwabtaka, ba ta taɓa wata ƙasa ba, amma buhun masarar da aka auna a kasuwarta yakan bi ta Dawanau ya kwana a Maraɗi ko Damagaram, saniyar da aka yanka a Kano kuma sau da yawa daga Nijar aka koro ta. Sau uku cikin shekara 40 aka datse wannan jijiya. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakoki saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta zo daidai da fari, hatsi ya kasa ƙetarawa, har yau kuwa mutanen Nijar da sunan Buhari suke kiran yunwar wannan shekara. A Agustan 2019 aka sake rufewa, wai don hana shigo da shinkafa, har zuwa Disamban 2020. Shinkafar waje ba ta daina shigowa ba, sai dai ta koma bin daji a kan babur, na goron masu shinge ya ƙaru, mai saye a Ƙaraye ya biya, masu manyan injinan casa suka yi ƙiba. A Janairun 2022 aka jera dalar shinkafa a Abuja aka ɗauki hoto, kwanon shinkafa kuwa bai ji labari ba, ya ci gaba da hawa.

Dubi kuma yadda aka yi wa manomin masara. A farkon 2024, da hatsi ya yi tsada, aka shiga tare motocin da suka nufi iyaka, aka garƙame wasu ɗakunan ajiya a Dawanau da sunan ɓoye abinci, mai hatsi ya zama kamar mai laifi. A tsakiyar shekarar aka ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150, amma da sharuɗɗan da sai manyan kamfanoni ke iya cikawa. A 2025 masara ta faɗi warwas, buhunta bai sayi buhun taki ba. Ni ban ƙi a shigo da abinci ba, mai saye ma talaka ne. Amma ƙofa in za a buɗe, a buɗe ta ga kowa, shiga da fita. Wannan ta in kasuwa ta yi wa manomi kyau a rufe masa hanya, in ta juya masa baya a ce ai sha'anin kasuwa ne, kashin dankali ne kawai.

Rufewa ta uku ita ce ta kusa kai mu ga abin da ya fi yunwa muni. Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka tsare Shugaba Bazoum a Yamai. Kwana huɗu bayan haka ƙungiyar ECOWAS, wadda Shugaba Tinubu ke jagoranta a lokacin, ta ba su mako guda su mai da shi ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Nijeriya ke ba Nijar, wadda ita ce mafi yawan abin da suke kunnawa. Ba na goyon bayan juyin mulki. Sojan da ya ƙwaci mulki da bindiga shi ne gwamnatin da ta fi kowace kumbura, ba majalisar da za ta tambaye shi, ba jaridar da za ta yi masa tsawa. Bazoum da aka kulle ba shari'a kuma an zalunce shi. Amma wa aka hukunta? Janar Tchiani bai kwana cikin duhu ba. Mai jinya a asibitin Maraɗi ne ya kwana, da direban da kayansa suka ruɓe a Jibiya da Illela da Maigatari. Da kuma an harba harsashi, a kan wa zai sauka? Jihohi bakwai ke jingine da Nijar, daga Kebbi har Borno, a kan iyaka mai tsawon kilomita wajen 1,500, wadda Faransa da Ingila suka ja ta tsakiyar ƙasar Katsina da Gobir da Daura. Zuriyar sarakunan Katsina na dā suna Maraɗi, na Gobir suna Tsibiri. Yaƙin wa da wa ke nan? Allah ya saka wa 'yan Majalisar Dattawa da suka ƙi amincewa, da malaman da suka tafi Yamai, da alheri. A ƙarshe an ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a Maris, Bazoum bai koma kujera ba, Nijar da Mali da Barkina Faso kuma suka fice daga ECOWAS. An yi asarar kasuwa da zumunci, ba a sami ko ɗaya daga abin da aka nema ba.

Ƙa'idata a kan yaƙi gajera ce. In an kawo mana hari, a kare mu da duk abin da ake da shi. In ba a kawo ba, sojanmu ya zauna gida, gidan ma aiki ya yi masa yawa. Waɗanda suka yi ruwan bama-bamai a Libiya a 2011 sun ce ceton farar hula suka je. Sun koma gidajensu, makaman Gaddafi suka bazu cikin Sahara, mu ne muke ji a jikinmu. Ko a yaƙin da ya zama tilas, na 'yan bindigar daji, ina tsoron hukumar da ba a tambayarta. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara da wani yanki na Katsina, aka hana cin wasu kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Ɓarawo ya ci gaba da sha'aninsa, mutumin ƙauye ya rasa yadda zai kira a kawo masa ɗauki. Ran 3 ga Disamba 2023 jirgin soja maras matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, mutum sama da 80 suka rasu. Kullum dai maganin ɗaya ne, a ƙuntata wa dubun marasa laifi, ko Allah ya sa a dace da mai laifi guda.

Daga iyaka sai maganar baƙi, inda nake jin kunyar wasu kalamai da ke fitowa daga bakin Bahaushe. In akwai al'ummar da bai kamata ta yi wa baƙo kallon banza ba a Afirka ta Yamma, mu ne. Muna da zango a Kumasi da Akara, muna da Sabo a Ibadan, muna Sudan tun zamanin tafiya Makka a ƙasa. Kano kanta da baƙi aka gina kasuwarta: Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, Agalawa da Tokarawa daga arewa, Larabawan Turabulus, Yarabawan Ayagi, Kwarori, Ibo na Sabon Gari. Mun kuma ɗanɗana kora. A 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Hausawa da Yarabawa, har da waɗanda aka haifa a can, suka dawo da ƙunshin kaya a ka. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin tata, aka kori mutum wajen miliyan biyu, kimanin rabinsu 'yan Gana. An ce su ne suka cinye aikin 'yan ƙasa. Da suka tafi aikin bai samu ba, domin faɗuwar kuɗin mai da almubazzaranci ne suka kawo matsin. Makarantu dai suka rasa malamai. Hukumar da aka ba ikon nuna wane ne baƙo kuwa, ba a kan baƙo take tsayawa ba. A 1980 an ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, aka jefa shi Cadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta wanke shi.

Buzu mai gadi, da ɗan Damagaram mai ga-ruwa ko mai shayi, da ɗan ci-ranin da ke zuwa aikin gona, wa suka ƙwace wa abinci? Hannu biyu suka zo da su, suka yi aikin da aka yi jinga da su, suka sayi hatsi da atamfa suka koma. Abin da nake nema ga hukuma a kan iyaka shi ne ta san wanda ya shigo, ta rubuta sunansa, ta binciki kayansa, ta kama bindiga da ƙwaya. Mai neman halalinsa ta ba shi hanya. Yanzu kuwa mai buhun gero ake tatsa a kowane shinge, mai bindiga ba ya bi ta shinge. Kada kuma mu manta mu ma baƙi ne a Kudu. Samarin Rogo da Ƙaraye nawa ne ke tura baro ko sayar da kayan gwari a Legas da Fatakwal? Wanda ya yi tafi a 2017 sa'ad da wasu matasa suka ba Ibo wa'adin barin Arewa, da wane baki zai yi kuka kan abin da aka yi mana a kasuwar Shasha ta Ibadan a 2021, ko kan mafarauta 16 da aka kashe a Uromi a watan Maris na 2025 suna hanyar komawa gida Kano?

Maganar wuta da mai ita ce ta fi ci mini rai, domin a ƙofar gidanmu abin yake. A ƙasar Ƙaraye aka datse kogin Calawa, aka gama madatsar a 1992, bango mai tsawon kusan kilomita 8. An tashi ƙauyuka, fadamu sun nutse, mutanen Haɗeja da Nguru can ƙasa kuma ambaliyar da suke noma da kiwo da su da ita ta canja, kacala ta toshe musu hanyoyin ruwa. Irin wannan aiki na yarda sai hukuma, ba attajirin da zai gina shi. To, amma wanda ya karɓi gonar mutane da alkawari, wajibi ne ya cika. Tun a mulkin Kwankwaso na biyu aka ƙaddamar da aikin samar da lantarki daga Tiga da Calawa. Gwamnatoci sun zo sun wuce, kowace da nata alkawarin, ɗalibin da ya tashi a Turawa ko Yammedi kuwa ya fi sabawa da hasken tocila. Noman ranin da ake yi a bakin ruwan ma, manomi ne da injin ban-ruwan da ya saya da guminsa.

Me ya hana wani ya kawo wutar? Doka. Tun 1972 da aka kafa NEPA, ita kaɗai aka ba fili. A 2013 aka ce an sayar, amma abin da aka yi shi ne an yanka ƙasa gunduwa-gunduwa, kowane yanki aka ba kamfani guda ba abokin gasa. An sayar da kare an sayi biri. Masu cewa "ga abin da kasuwa ta jawo" su gane cewa inda mai sayarwa ɗaya ne, mai saye kuma ba shi da wurin gudu, ba a kiran wurin kasuwa. Kasuwa ta gaskiya ita ce wadda ta shigo ƙauyukanmu ba da sanarwa ba: farantin sola a rufin mai cajin waya, da na masallaci, da na kemis mai firjin allura, yanzu har a bakin rijiyar burtsatse da gonar albasa, inda ya fara korar injin fetur. Ba kwamiti, ba bikin yanke ƙyalle. Ɗan kasuwa ya kawo daga Sin, yaro ya koyi haɗawa a Kano, manomi ya sayar da tumaki ya saya. Sai ga shi a 2025 wani minista ya fito yana maganar hana shigo da farantan, wai don a ƙarfafa na gida. Ikon Allah! Ka kasa ba mutum wuta shekara 50, ya samo tasa daga rana, ka ce kuma sai ka kafa masa shinge. Gyaran tsarin mulki da dokar lantarki ta 2023 sun ba jihohi ikon tsara tasu harkar wuta. Mataki ne mai kyau, in dai jihar ba za ta zama ƙaramar NEPA ba. A bar duk mai iyawa, ko kamfani ko ƙungiyar manoma, ya kafa ƙaramar tasha ya sayar wa unguwa, hukuma ta tsaya kan ingancin waya da gaskiyar mita.

Tallafin mai kuwa, a nan ne na san za a jefe ni. Na san abin da 29 ga Mayu 2023 ta jawo. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya ninka, ɗalibai da yawa suka daina zuwa gida sai ƙarshen zango. Yadda aka yi shi, da kalma guda a filin rantsuwa, ba shiri ba tanadi, rashin tausayi ne. Amma a dawo da shi? Mu yi wa kanmu adalci. A 2022 kaɗai tallafin ya ci sama da naira tiriliyan 4, fiye da abin da Tarayya ta ware wa ilmi da lafiya a haɗe. Wa ya sha? Mai motoci biyar a Abuja, da mai takardar man da bai shigo ba, kamar yadda binciken Majalisar Wakilai na 2012 ya tona, da mai tankar da ke tsallaka iyaka da dare. Manomin Zarewa ko Fulatan da ke sayen kwalba wurin ɗan bumburutu, sau nawa ya taɓa ganin farashin gwamnati? Matatun mai huɗu na gwamnati, har da ta Kaduna da ke kusa da mu, sun yi shekara da shekaru suna cin kuɗin gyara da albashi ba sa tace komai, sai ga matatar ɗan kasuwa ta fara fitar da fetur a 2024. A nan ma ina da sharaɗi: kada a rufe ƙofar shigo da mai don a kare attajiri guda, ko da ɗan Kano ne. Mai son kasuwa daban, ɗan koren attajirai daban.

Tambayar da ta kamaci ƙungiyarmu ita ce ina kuɗin da aka daina biya suka shiga. Kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke samu daga asusun Tarayya ya ƙaru ƙwarai tun 2023. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Nawa ne ya zo Rogo a watan jiya? Nawa ya zo Ƙaraye? Mu nawa ne muka taɓa zuwa sakatariya muka tambaya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa nake son iko ya sauko kusa, inda talaka zai iya tare shugaba a wurin ɗaurin aure ya tambaye shi. Mu mutanen Ƙaraye mun ga abin da ake nufi da zaman jiran alherin sama. A 2019 gwamna ya sa hannu, muka wayi gari da sarki mai daraja ta ɗaya, aka yi kiɗa. A Mayun 2024 wani gwamna ya sa hannu, masarauta ta rushe. A Yuli aka dawo da ita mai daraja ta biyu, da Ƙaraye da Rogo kaɗai a ƙarƙashinta. Ba na shiga rigimar wa ya yi daidai. Abin lura shi ne, a duka ukun ba wanda ya tambayi manomin Gwangwan, kuma da ƙarfin da aka kashe a wannan ja-in-ja an kashe shi wajen tsaron iyakarmu da Katsina da Kaduna, da mutane sun fi samun barci.

Za a ce in hukuma ta janye, mai ƙarfi zai cinye maras ƙarfi. Magana ce mai nauyi, ba na raina ta. Amsata ita ce a duba ta inda manyan masu kuɗin ƙasar nan da yawa suka yi kuɗi: lasisin shigo da kaya na zamanin Shagari, da dala mai rahusa da aka riƙa karɓa a Babban Banki a sayar a kasuwar canji, da rangwamen kwastan, da takin tallafi da ke ɓacewa kafin ya iso gona, da filayen da Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa a hannun gwamna ya ba wanda ya so. Kowace ƙofa hukuma ta gina ta sa mata mai gadi, mai ƙarfi ne ke da abin sallamar mai gadin. Talaka ba shi da kawu a ma'aikata. Abin da ke kare shi daga mai ƙarfi shi ne alƙalin da ba a saye, da ɗan sandan da ke zuwa in an kira, da takardar gonar da ba mai soke ta, da mai saye na biyu wanda zai juya gare shi in na farko ya yi masa wulaƙanci. Ukun farko aikin hukuma ne, ta kuwa yi sakaci da su. Na huɗun kuma ita ce ke yawan korarsa.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu, in an zo rubuta takardar ƙorafi ta gaba, a rage jerin "gwamnati ta ba mu". A nemi kowace ƙaramar hukuma ta liƙa a ƙofar sakatariyarta abin da ya shigo da abin da ya fita kowane wata. A nemi a ƙirga shingayen da ke tsakanin Rogo da Dawanau da Jibiya, a gaya mana dokar da ta kafa kowanne. A nemi kada a sake rufe iyaka ko a tura soja ƙetare sai Majalisa ta yi muhawara a bainar jama'a. Mu 'yan Ƙaraye da Rogo kuma, hutun nan mai zuwa, mu haɗu mu je mu tambayi inda aikin wutar Calawa ya kwana, wa aka ba, nawa aka biya, yaushe garuruwan bakin ruwa za su gani a ƙasa. Wanda yake ganin na ɓata, shafin mujallar nan a buɗe yake. Ya zo da hujja da shekara da adadi, in ya so ya haɗa da zagin.